Abin da Kalangu Ya Ce

Kalangu ɗaya ya yi kira, maza biyu suka miƙe.

Rabo ya tashi daga gabas, inda mahauta suka yi layi, hannunsa na dama a naɗe da zare kamar kan taɓarya. Rashidu ya tashi daga yamma, cikin ƴan kokawa, warkinsa na fatar akuya yana kaɗawa a cinyoyinsa. Kowannensu ya shigo fili da takun wanda aka kira da sunansa, sai da suka kusa tsakiya sannan suka ga juna. Mamani makaɗi ya ɗaga kai, sandar kiɗansa ta tsaya a sama.

Haula tana cikin mata a gefen rumfa, goye da ƴarta Rahma, tana kallonsu. Mai zaren yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai warkin kuwa mijinta.

Laifin na masu shirya wasan kaka ne. Tun da aka san Dakoro, mahauta a bayan mayanka suke dambensu, ƴan kokawa kuma suna da filinsu mai rairayi. Bana sai wani mai wayo ya ga rumfa ɗaya ta isa, lasifika ɗaya ta isa, aka haɗa su fili guda da makaɗi guda. Ba wanda ya tuna da maganar take. Take kuwa, a wurin masu wasan ƙarfi, suna ne da ake kira da fatar ganga, namiji ya ji ya tashi ko da yana cikin zazzaɓi. Ana aron riga, ana aron jaki, amma ba a taɓa jin an ari take ba.

"Mijin ƙanwata," in ji Rabo, yana murmushin da bai kai ido ba, "ina zuwa? Ni anka kira."

"Yaya, taken gidanmu na," Rashidu ya amsa a hankali. "Kama, na Baraka, ƙasa ba ta ƙoshi. Da shi anka kira kakana Ango, da shi anka kira ubana."

"Kama? Rairai ya cika maka kunne, yaro. Buga, na Baraka, ƙasa ba ta ƙoshi! Taken kakana Halidu na, kuma Barakar ƙanwatai ta. Ina kun ga Baraka a gidanku?"

Aka juya kan Mamani. Shi kuwa ya rungume kalangunsa kamar za a ƙwace masa.

"Ni hwata nika bugu, hwata kau ba ta da halshe," ya ce. "Yadda ubana ya ba ni, haka nika kaɗawa. In mahauta sun kira ni su ji buga, in ƴan kokowa sun kira ni su ji kama. Hannuna bai taɓa canzawa ba."

Gaskiya ya faɗa. Kalangu hawa da saukar murya kawai ya sani, sauran kunne ne yake cikawa. Buga da kama kuwa tafiyarsu ɗaya: murya ta faro ƙasa, ta hau sama.

Da a nan aka tsaya, da an yi dariya an watse. Amma kowane taro da mai zuba masa gishiri, na ranar kuwa Kimba ne, tsohon ɗan dambe wanda haƙoransa na gaba suka daɗe da riga shi ritaya. Ya tofar da goro ya ce ai kowa ya sani, Ango awakin Halidu yake kiwo sa'ad da iyayen Angon suka gangaro daga arewa, ba wanda ya koya masa komai, satar ido ya yi. Wanda ya saci kamu da ido, me zai hana shi satar take da kunne?

Haula ta ga wuyan mijinta ya kumbura. Rashidu mutum ne mai sanyin baki, irin wanda akuya za ta ci masa hatsi ya ba ta haƙuri, amma an taɓa kakansa a gaban mutanen ƙauyensu, Ɗan Gulbi, da suka rako shi.

"To, a raba," ya ce.

"Ban kwance zare," in ji Rabo.

"Ni ma ban hana hannuna ƙugu."

"Ku yi irin ta Halidu mana," Kimba ya ce, idonsa yana ƙyalli. "Ta dauri. Naushi da kamu duka, ba turmi, ba hutu, sai wanda ƙasa ta karɓa."

Aka sa ranar kasuwa mai zuwa, da la'asar, a bayan kasuwar dabbobi inda jandarma masu tsaron doka ba sa leƙawa. Wurin ba rairayi. Kofatan shanu sun daddaɓe shi ya zama kamar daɓen ɗaki.

A kwanakin da suka biyo baya, Dakoro ta rabu biyu a kan abin da ba ya sa tuwo a bakin kowa. A teburin masu shayi, ƴan dambe suna cewa kokawa runguma ce kawai, ƙato ya rungumi ƙato har ɗaya ya gaji. Ƴan kokawa suna cewa dambe fushi ne da aka ɗaura wa zare, ko jaki ma ya iya harbi. Waɗannan su ce ɗan dambe da hannu ɗaya yake kisa, ɗayan garkuwa ce kawai. Waɗancan su ce ɗan kokawa yana kayar da namiji ya tashe shi ba ɗigon jini, gobe su ci tuwo akushi ɗaya. Kowa ya zama malami, har waɗanda ba su taɓa kayar da ko ɗan rago ba.

Haula ba ta da ra'ayi a kan wanne ya fi. Abin da ta sani shi ne hannun Rabo ya taɓa karya muƙamuƙin wani Bagobiri, kuma ta taɓa ganin Rashidu ya ɗaga ƙato sama da kansa ya sake shi. A kan rairayi mutumin ya tashi yana dariya. A bayan kasuwar dabbobi ba zai tashi ba. Duk inda abin ya faɗi, ita ce za ta yi kuka, kuma ko wanne gida ta shiga da kukan za a ce ta ɗaya gidan ce.

Ta fara zuwa wurin yayanta, a mayanka, da safe. Ta tarar ya gama fiɗa yana motsa jiki a inuwar bango. Ta tsaya tana kallo. Ya sa ƙafar hagu gaba, ya buɗe tafin hagu ya miƙa, ya sauke kafaɗar dama. Kafin ya fara, ya sunkuya ya dafa ƙasa da tafin hagun ya shafa a ƙirji.

"Yaya, ka bar mishi," ta ce. "Kai a babba."

"Don ni a babba ba ni bari. In na bar take yau, gobe mi zan ba ɗana? Koma gida, Haula. Ba ni kashe maki miji, zan dai kwantar da shi ya huta."

Da yamma ta ga mijinta a bayan rumbu, shi ma yana nasa shirin. Ƙafar hagu gaba, tafin hagu a buɗe, kafaɗar dama a ƙasa. Ya sunkuya ya dafa ƙasa ya shafa a ƙirji. Bambancin kawai, hannunsa na dama a buɗe yake, na Rabo a dunƙule. Ta daɗe da sanin kowannensu, amma ba ta taɓa jera su a ido ɗaya ba sai ranar.

Abin mamaki, gari guda yana gardama a kan "na Baraka", ba namijin da ya tuna Barakar tana nan da ranta a unguwar mahauta, tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Haka maza suke, sai su yi ta haƙa rijiya alhali randa tana bayansu. Haula ce ta tuna, ranar jajiberen kasuwa.

"Kaka, ina wuni."

"Lahiya lau, kishiyata. Miƙo mani ɗiyar nan, ke ba ki iya goyo ba." Tsohuwar ta karɓi Rahma ta ɗora a cinya, ta ci gaba da ɓara da hannu ɗaya. "Na ji labarinku. Sun ce buga, sun ce kama."

"Wanne a gaskiya, Kaka?"

"An ce kunne ya girmi kaka. To, ga kaka zaune, kunne na ta ƙarya."

Ta ɓare wata gyaɗa ta jefa a ƙwarya. Sannan ta fara, idonta a kan gyaɗar.

Ta ce a zamanin ƙuruciyarsu, abin da Halidu yake yi ba sunansa dambe ba, ba sunansa kokawa ba, wasa kawai ake ce masa. Namiji ya naɗe hannu ɗaya, ya bar ɗaya a sake. In ka matso ya kama ka, in ka ja baya ya nausa. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan. Wata shekara da kaka aka zo da wani saurayi daga wajen Adjekoria, Zakariya, dogo, mai wushirya. Yakan tsaya a bakin rijiya in tana ɗiban ruwa, har ya taɓa aiko mata da goro ta hannun ƙanwarsa. Aka haɗa shi da Halidu.

"Yayana ya kama shi da hagu nan," ta dafa ƙeyarta, "ya jawo shi, dama na bisa. Yaron ya riga ya sake, ƙahwahunai sun mutu, kowa ya gani. Na hito cikin mata ina ihu. Uban Mamani na kiɗa, ya ji muryata, ya ɗauka ya sa ma kalangu. Hwili ya ɗauka. Sun ji daɗin kiɗin."

"Mi kinka ce, Kaka?"

"Tsaya. Tsaya na ce. Sauran, ƙasa ba ta ƙoshi, makaɗi ya ƙara daga baya, bayan an rufe yaron. Shi ya san mi yaka nuhi. Su ba su sani ba."

Rahma ta kai hannu cikin gyaɗar, tsohuwar ta cire mata ɓawo daga baki.

"Bai ji ba?" Haula ta tambaya.

"Bai ji ba. Ya rantse mani har ya mutu, bai ji ba. Tun ran nan bai sake shiga hwili ba. Ya raba abin biyu. Ɗanai, ubanku, ya ba shi naushi ya hana shi kamu. Ango, da ka kwana ɗaki guda da ubanku ko da ya girme shi nesa, ya ba shi kamu ya hana shi naushi. Ba sata ba ta, da idona na ga yana gyara mai ƙahwa. Cewa ya yi kada hannuwan nan biyu su ƙara haɗuwa ga mutum guda. Ga shi jikoki za su haɗa su don su girmama shi."

"Kaka, ki zo ki gaya musu."

"Na hwaɗi ina da haƙora ba a ji ba, sai yanzu?"

Haula ta koma gida da maganar a bakinta kamar garwashi. Ta jira mijinta ya ci abinci, ta durƙusa gefensa ta zayyana masa duka. Rashidu ya saurara har ƙarshe, don shi mai saurare ne. Sai fuskarsa ta washe.

"Ashe ba sata ba ta. Kuma tsaya ta ce? Ai shi ke nan kokowa, Haula. Wanda ya tsaya shi ya ci. In sha Allahu zan tsaya."

Ta kira Rabo a waya, shi ma ya yi dariya ya ce dambe ma ai tsayuwa ce, Kaka ta yi gaskiya, a gaya wa mijinta ya tsaya da kyau. Haula ta ajiye wayar ta shiga madafa ta yi kukanta. Haushi ne ya fi yawa a cikin kukan, haushin kalma guda da ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ranar kasuwa, da la'asar ta yi, ta bar Rahma wurin maƙwabciya ta ja mayafi. Bayan kasuwar dabbobi ya cika, dillalai sun bar raƙuma a ɗaure, yara sun hau katanga. Ba mace ko ɗaya. Ta hau kan wata amalanke da aka jingine, ba wanda ya kula ta, duk idanu suna tsakiya.

Mamani ya fara. Murya ƙasa, murya sama. Gabas ta amsa da "Buga!", yamma ta amsa da "Kama!", kalmomin biyu suka haɗu a sama suka zama hayaniya. Mazan biyu suka shigo. Suka sunkuya tare, suka dafa ƙasa da hagu, suka shafa a ƙirji. Suka sa ƙafar hagu gaba. Tafin hagun wannan ya kusa taɓa na wancan. Wani tsoho kusa da amalanken ya ce, "Ikon Allah."

Suka yi ta zagaya juna. Rabo yana son tazara, don naushi sai da wuri. Rashidu yana son matsi, don kamu sai an haɗa ƙirji. Rabo ya kai hannu, Rashidu ya kauce, iskar zaren ta wuce kunnensa. Rashidu ya kai wa ƙafa cafka, Rabo ya ja baya da tsalle irin na wanda aka koya wa gudun wannan cafkar tun yana yaro. Kowa ya san abin da ɗaya zai yi kafin ya yi, kamar masu daka a turmi guda.

Sai Rashidu ya yi sakaci. Naushin ya same shi a gira, ƙararsa kamar an fasa ƙwarya. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya yi tangaɗi, gwiwarsa ta lanƙwashe, gabas ta tashi tsaye da ihu. Amma bai kai ƙasa ba. Maimakon ya ja baya, gaba ya faɗa, ya shige ƙarƙashin hannun Rabo, ya sarƙe ƙugunsa, ya ɗaga shi cak.

Ƙafafun Rabo suka bar ƙasa. Rashidu ya fara juyawa da shi, juyin da Haula ta sani, wanda yake ƙarewa da kan mutum a ƙasa. Shi kuma Rabo, yana sama, hagunsa ta cafki ƙeyar Rashidu, daidai inda Baraka ta dafa, damansa mai zare ta tashi.

Haula ba ta san lokacin da ta diro ba. Ta ratsa maza, mayafinta ya maƙale a wani wuri ta bar shi.

"Tsaya!"

Muryar ta fita siririya, ta mace, a wurin da ba a saba jin irinta ba.

"Tsaya! Tsaya!"

Mamani ya juyo. Hannunsa, hannun gado, ya riga ya ɗaga zai ɗauki muryar ya sa wa kalangu. Ya dubi yarinyar da ba mayafi, ya dubi fatar. Sai ya kifa tafinsa a kanta. Kiɗa ya mutu, ihun jama'a ya rasa abin jingina ya zube, ya rage muryarta ita kaɗai a fili.

Juyin Rashidu ya yi sanyi. Dunƙulen Rabo yana nan a sama. Sun daɗe a haka, ko kuwa ita ce ta ga sun daɗe. Sannan Rashidu ya lanƙwasa gwiwa a hankali ya dire surukinsa a kan ƙafafunsa biyu, kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Rabo ya sauke hannu. Hagunsa tana nan a ƙeyar Rashidu, ta zama riƙo kawai, don mutumin yana layi, jini yana ɗiga daga haɓarsa.

Ba wanda ya taɓa ƙasa.

Jama'a ba su ji daɗi ba, kuma ba su ɓoye ba. Kimba ya ce a zamaninsu mace ba ta isa ba. Dillalai suka koma wurin raƙumansu suna tsaki. Wani yaro ya kawo wa Haula mayafinta, ya yage a gefe.

Kafin magariba ta biya ta unguwar mahauta. Tun a hanya labarin ya riga ta. A bakin mayanka ta ji samari suna rantsuwa cewa "buga" ta ce, yayanta take zugawa, ai ɗan'uwa rabin jiki ne. A tashar masu komawa Ɗan Gulbi kuwa an tabbatar "kama" ta ce, mace ta gari ba ta barin mijinta. Har an fara gardamar wa ya fi kusa da ita a filin.

Baraka tana inda ta bar ta. Haula ta zauna a bakin tabarma.

"Kaka, ga su can suna cewa buga na ce, wasu kama."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Bar su. Waɗannan ba don su kinka yi ba." Ta goge ido da bakin zane. "Wa ya ji, cikin biyun?"

"Ban san wanda ya riga ba."

"Amma sun ji."

"Sun ji."

Baraka ta gyaɗa kai. Ta ɗauki gyaɗa guda ta riƙe, ba ta ɓare ba, tana kallon ƙofar gida kamar mai jiran wani dogo ya wuce.

Haula ta tashi ta tafi gida ta hura wuta. Ta ɗora babbar tukunya, ruwan gashi ya tafasa, ta raba shi biyu. Rabi ta kai wa mai fasasshiyar gira a ɗaki, rabi ta juye a bokiti ta rufe, ta ɗauka da kanta zuwa gidan yayanta tun bai huce ba.